Tambaya da Amsa: Kes mai kamar gem ɗin da, da 'yar kwamfutar da ake sakawa a cikinsa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Tun bayan da muka taɓa maganar Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan, saƙonni suke ta shigowa, kuma abun da na lura shi ne kusan rabinsu ba akan ita kwamfutar suke ba, akan gidan da ake saka ta ne, wato kes ɗin nan masu kama da Nintendo da Sega na da. To shi ne na ce bari in tattaro su wuri ɗaya mu warware.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni magidanci ne da yara uku, na ga hoton wani ɗan akwati a intanet sak irin Nintendo ɗin da muka buga muna yara amma ƙarami, ance Raspberry Pi ake sawa a ciki. Don Allah in na saye shi shikenan zan haɗa da talabijin yara su fara bugawa, ko akwai sauran kaya? — Baban yara uku

AMSA: Baban yara Allah ya raya mana su. A'a, akwai sauran kaya, kuma gara da ka tambaya kafin ka fidda kuɗi don mutane da yawa sai kaya sun iso sun buɗe sannan suke ganin ashe kwando ne kawai ba komai a ciki sai wani ɗan siririn allo mai wayoyi da sukurori a leda.

Bari in fara da ita kwamfutar. Raspberry Pi 'yar kwamfuta ce cikakkiya akan falle ɗaya, tsawonta milimita 85 faɗi 56, kamar katin banki kenan, wata gidauniya ce a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fito da ita a watan Fabrairun 2012 akan dala 35, kuma asalin niyyarsu yara su samu abun koyon kwamfuta mai araha ne. Tsirara take zuwa, ba gida ba makunni ba komai. Sai masu son tsofaffin gem suka ga ai wannan abun zai iya kwaikwayon injinan da, suka haɗa mata manhajoji irinsu RetroPie da Recalbox da Batocera da Lakka, kana kunnawa sai jerin gem ya fito ka zaɓa da hannun gem ba sai da kibod ba. Abun da ya ƙara rura wutar shi ne a Nuwamban 2016 kamfanin Nintendo ya fitar da ƙaramar NES Classic, wato ƙaramin kwafin tsohon injin gem ɗinsu mai suna NES, mai gem 30 a ciki, mutane suka yi mata ca ta yi wuyar samu, kuma a Afrilun 2017 suka dakatar da ita na wani lokaci, to waɗanda basu samu ba sai suka koma haɗa nasu da hannu. A wannan shekarar ne kamfanin Retroflag ya fito da NESPi, daga baya SUPERPi mai kamar Super Nintendo, har iri biyu suka yi, na Amurka mai kusurwa da makunni masu launin shuɗi-ja da kuma na Japan da Turai mai zagayayyen gefe, sai MEGAPi mai kamar Mega Drive ta Sega, sai PiStation mai kamar PlayStation ta farko.

Abun da zaka tanada: ita Pi ɗin, kes ɗin da aka yi wa irin taka, caja mai kyau, katin memori microSD, wayar HDMI, hannun gem ko biyu tunda yara uku ne, da 'yar fanka. Sannan sai an zuba manhajar a katin ta wata kwamfutar. Ba wahala gare shi ba, yamma ɗaya ta isa, kuma in babban cikinsu ya kai shekara goma ka ba shi sukundireba ya ɗaura da kansa kana kallo, wallahi wannan zaman ya fi gem ɗin amfani a wajensa.

Amma abu ɗaya nake so ka riƙe, kai da duk wanda zai karanta sauran amsoshin. Wannan kes ɗin ba riga ba ce da ake sawa don ado. Wuta ta cikinsa take bi kafin ta kai ga kwamfutar, shi yake riƙe zafi ko ya saki, shi yake da makunnin da zai kashe maka na'ura lafiya ko ya lalata maka kati. Don haka Pi ake fara zaɓa sannan a nemo mata gida, ba a fara da gida don ya yi kyau a hoto. In gem ɗin NES da Super Nintendo da Mega Drive da PlayStation ta farko kawai kake so, Pi 3B+ ta isheka har da saura. In kana hangen Nintendo 64 ko Dreamcast to daga Pi 4 zuwa sama.

TAMBAYA: Yaya na sayi kes mai kamar Super Nintendo, Pi 4 ce da ni, na yi na yi ta ƙi zama, ramukan basu zo daidai ba. In sa wuƙa in faɗaɗa? — Ƙaninka ɗalibi

AMSA: Ƙanena ajiye wuƙar nan. Kes ɗin Pi 3 ka saya, kuma matsalar ta wuce ta rami. Abun da yake ruɗar mutane shi ne girman allon ɗaya ne, ramukan sukurori huɗun nan ma a wuri ɗaya suke, sai mutum ya ɗauka ai duk kanwar ja ce. Pi 2 da Pi 3B da 3B+ su kam tsarinsu ɗaya, gida ɗaya zai ɗauke su. Amma da Pi 4 ta fito a watan Yunin 2019 sai suka canja bakin caja daga micro USB zuwa USB-C, suka cire babban HDMI guda ɗaya suka sa ƙanana biyu, sannan ramin wayar intanet da ramukan USB suka yi musayar wuri. Pi 5 kuma ta 2023 ta sake juya su, ta cire ramin iyafis gaba ɗaya. To kaga ko ka fafe robar, ɗan allon da ke cikin kes ɗin da gajerun wayoyinsa an auna su ne da inda ramukan Pi 3 suke, kuma an yi shi ne don wutar Pi 3 wadda bata kai ta Pi 4 ci ba. Ko dai ka mayar a canja maka, ko ka sayar, ko kuma ka nemo Pi 3B+ ta hannu ka saka masa, ita Pi 4 ɗin ka yi wani aikin da ita. Haka ma masu wasu allunan irinsu Orange Pi ko Le Potato, ko da ya shiga ya zauna daram ku bincika ko makunnin zai yi aiki da manhajar allonku, don shiga daban aiki daban.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Sau biyu kenan katina yana lalacewa, in kunna sai baƙin sukirin da rubuce-rubuce, duk inda yarana suka kai a gem ya tafi. Kuma kes ɗin an rubuta yana da kashewa cikin aminci, da makunnin gaba muke kashewa kullum bama zare caja. Katin ne jabu ko me? — Uwar 'yan biyu

AMSA: Maman 'yan biyu sannu, na san ciwon, don yaro ya yi sati yana fama da mataki ɗaya ya wuce sannan a ce ya koma farko ba ƙaramin abu ba ne a wajensa. Zai iya zama kati, jabun kati sun yi yawa, amma yadda kika kwatanta na fi zargin makunnin ne bai fara aikin da aka ce yana yi ba.

Ga yadda abun yake. Injinan da, irinsu NES, gem ɗin a cikin kaset yake a rubuce dindindin, yawanci ba a ƙara rubuta komai a kansa, shi ya sa kina danna makunni wuta ta yanke shikenan. Ita kuwa Pi kwamfuta ce mai tafiya da babbar manhajar da ake kira Linux, ko kina ganin kamar ba abun da take yi tana iya kasancewa tsakiyar rubutu akan kati, wani abun ma tana riƙe da shi a ƙwaƙwalwarta bata sauke ba tukuna. In wuta ta yanke a wannan lokacin sai rubutun ya tsaya rabi, yau a tsira gobe a tsira, ranar da ya faɗa akan fayil ɗin da take tashi da shi sai ki ga baƙin sukirin. Kuma duk manyan allunan Pi kafin ta 5 basu da makunni nasu, shi ya sa masu kes suka ƙirƙiro dabara: makunnin gaba baya yanke wuta kai tsaye, saƙo yake aikawa ta waɗannan fil-fil guda 40 da ke gefen allon, wata 'yar manhaja ta ji saƙon ta rufe gem ta adana komai ta kashe kwamfutar, sannan kes ɗin ya yanke wuta.

To inda ake samun tangarɗa, wannan dabarar sai an tayar da ita, kuma abu uku ne sai sun haɗu. Na farko akwai wani ɗan mitsitsin makunni a jikin allon da ke cikin kes ɗin, sai an buɗe an tura shi ɓangaren kunnawa. Na biyu filogin da ake sokawa akan fil-fil ɗin ya zauna daidai yadda takarda ta nuna, kar a goce ko da layi ɗaya, kuma a cire caja kafin a taɓa shi. Na uku a saka 'yar manhajar, a RetroPie layi ɗaya ake kwafowa daga shafin masu kes ɗin a rubuta, Recalbox da Batocera kuma suna da wurin zaɓar irin kes a saitinsu. In ɗaya ya ɓace makunnin nan ya koma daidai da zare caja.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki danna ki zuba ido. In hoto ya ɗauke nan take kamar an ƙifta ido to ba ya aiki. In kika ga gem ya rufe, rubutu ya ɗan gudana, aka yi 'yan daƙiƙu kafin fitila ta mutu, to ya yi. Kafin a gyara ki koya wa yaran kashewa ta cikin menu. Sannan don Allah idan kin gama saita komai ki kwafe katin gaba ɗaya a kwamfuta ki ajiye, ni duk wanda na haɗa wa sai na yi masa haka, don in wuta ta ɗauke ana tsakar wasa ba makunnin da zai cece ki, kwafin nan ne kaɗai.

TAMBAYA: Wata alamar walƙiya ce take fitowa a saman sukirin ta dama, kuma in an daɗe ana bugawa gem ya riƙa jan ƙafa sauti yana kakkaryewa. Da babu kes ban taɓa gani ba. — Mai bibiyarku

AMSA: Ɗan'uwa ka ba da amsar da kanka da ka ce da babu kes baka gani. Abu biyu ne suka haɗe maka, ƙarancin wuta da zafi, kuma kowanne yana sa Pi ta rage gudu don ta kare kanta.

Walƙiyar nan tana fitowa ne in wutar da ke isa ga allon ta sauka ƙasa da bolt 4.63. Da cajarka kai tsaye take shiga, yanzu kuwa sai ta ratsa bakin kes, ta bi makunni, ta bi siraran wayoyi, kowanne ya ɗan ci nasa, ga fanka ga fitila ga hannun gem biyu duk a kanta suke. Cajar da take kan gaɓa a da yanzu ta gaza. Shi ya sa cajar da aka yi wa Pi take ba da bolt 5.1 ba 5 cif ba. Pi 3B+ tana son amp 2.5, Pi 4 amp 3, Pi 5 kuma in ana son ta saki jiki cajarta mai amp 5 ce. Cajar waya da yawa ko an rubuta babban lamba a jiki saurin cajinsu ta ɗaga bolt suke yi, Pi kuma biyar ɗin nan kawai take so a tsaye. Kuma ka duba wayar kanta, doguwa siririya ita ce barauniyar da ba a zargi, gajeriya mai kauri ka nema. A nan kam sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Zafi kuma, waɗannan kes ɗin roba ne a rufe, an bi siffar injin da aka zana a shekarun 1980 ne ba a bi buƙatar iska ba. Pi tana fara rage gudu a digiri 80, a 85 ta ƙara ragewa sosai, ita 3B+ ma tun a digiri 60 gudunta yake sauka daga gigahaz 1.4 zuwa 1.2. In kana son ganin zahiri ka rubuta vcgencmd measure_temp a wurin rubuta umarni na Pi ɗin bayan an yi rabin awa ana wasa, zai nuna maka zafinta. Magani shi ne ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ake mannawa akan furosesa yana tsotse zafi, da 'yar fanka mai milimita 30, yawancin kes ɗin suna da gurbinta. Pi 3 mai buga NES kawai zata iya haƙuri da ƙarfen, amma Pi 4 ko 5 a rufaffen kes ba fanka ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kar kuma a ɗora shi akan kafet ko katifa ko a cusa shi bayan talabijin, ramukan iskarsa a ƙasa da baya suke.

TAMBAYA: Mai kamar Game Boy fa, na riƙewa a hannu, ya yi? — Ƙanwarku

AMSA: Ya yi ƙanwata, in kin san abun da kika saya. GPi Case da ya fito a 2019 Pi Zero ake saka masa a cikin wani abu mai siffar kaset a zura ta baya, sukirin inci 2.8 mai launi, batir AA guda uku. Zero ta farko bata da ƙarfi, Game Boy da NES lafiya lau, amma wasu gem na Super Nintendo zasu riƙa sarƙewa, don haka ki nemi wanda aka yi wa Zero 2 W, ita ce ta 2021 mai ƙwaƙwalwa huɗu. Ki sayi batir masu caji tun ranar farko, kuma kina ganin sun fara sanyi ki adana ki kashe, don mutuwar batir tsakar wasa daidai take da abun da na faɗa wa Maman 'yan biyu.

TAMBAYA: Na ga ana haɗa kes da kati wai gem dubu goma a ciki an gama komai. Ba gara shi ba? — Wani mai karatu

AMSA: Ni dai ban ba ka shawara ba. Gem ɗin nan duk da tsufansu suna da masu haƙƙi, Super Mario Bros. na 1985 har gobe na Nintendo ne, Sonic na 1991 na Sega ne, mai sayar da katin ba izini gare shi ba, su kansu masu RetroPie sun hana a sayar da manhajarsu. Ban da haka yawancin lambar maimaici ce, gem ɗaya da na Japan da na Turai da na Amurka an ƙirga uku, katin kuma mafi araha ake sawa, baka san me aka cusa a ciki ba ka kuma haɗa shi da intanet ɗin gidanka. Akwai sababbin gem da mutane suke rubuta wa tsofaffin injinan nan har yau, wasu kyauta wasu da kuɗi kaɗan, akwai kuma na'urar da ake kwafe kaset ɗin da ka mallaka da ita, ko da yake dokar wannan ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Gem ashirin da ka zaɓa da kanka zaka fi buga su akan dubu goman da zaka ƙare dare kana gungurawa.

TAMBAYA: Malam akwai asalin NES ta mahaifina a gida, in an kunna fitila ja ce kawai take ƙiftawa. Ina so in kwashe kayan cikin in saka Pi, ko kuma in buga kes da firintar 3D. Wanne ya fi? — Ɗanka

AMSA: Ɗana don girman Allah kar ka kwashe cikin nan tukuna. Wannan ƙiftawar ba mutuwa ba ce, ita ce sananniyar cutar NES. A ciki akwai wani baki mai haƙora 72 da kaset yake shiga, da yake ana turawa a danna ƙasa shekara da shekaru sai haƙoran su saki su yi datti, shi kuma ɗan guntun da Nintendo ta sa don tantance kaset in bai ji kaset ɗin sosai ba sai ya riƙa sake tayar da injin duk daƙiƙa, abun da kake gani kenan. A goge bakin kaset da auduga da sifirit, a wanke wannan bakin ko a sayi sabo a canja, sukurori ne kawai ba sai an yi walda ba, da yawa sukan tashi. An daina ƙera NES a Amurka tun 1995, 'yar'uwarta Famicom a Japan a 2003, wato ba a ƙara ko ɗaya, kullum raguwa suke, ga shi kuma ta mahaifinka ce da hannunsa a jikinta. Pi ana samun wata gobe, wannan kuwa in ka fasa ta ka fasa kenan.

In mai gyara ya tabbatar allon ya ƙone ba tashi, to a nan na yarda, kuma gida ne mai kyau don ciki yana da faɗi iska zata wadata, ana iya haɗa asalin makunnan gaba da fil-fil ɗin Pi su yi kashewa cikin aminci, asalin hannun gem ɗin ma akwai adafta ta USB da ake sa musu. Ko a haka ka yi dabarar da ba sai ka yanka robar ba, ka kuma naɗe tsohon allon ka ajiye don wani zai buƙaci kayan jikinsa.

Firintar 3D kuwa zaɓi ne mai kyau, musamman ga mai allon da ba a yi masa kes ba, zane-zane suna nan birjik kyauta a shafuka irinsu Thingiverse da Printables. Ka duba an rubuta lambar Pi ɗinka a zanen, ka zaɓi mai ramukan iska da gurbin fanka. Ka lura da robar, PLA tana fara laushi a wajen digiri 60 wanda Pi 4 take wucewa cikin sauƙi, PETG ta fi juriya don sai wajen 80. Sai dai shi bugaggen kes roba ce zalla, ba allo a ciki, don haka makunni kai zaka haɗa: madanni ɗaya tsakanin fil na 5 da na 6, da layin dtoverlay=gpio-shutdown a fayil ɗin config.txt, dannawa ɗaya ta kashe lafiya, wata dannawar ta tayar in ba Pi 5 ba ce. Ka fara gwada goge kaset ɗin baban naka a ƙarshen makon nan, ka rubuto mana abun da fitilar ta yi.